Takenka da Muka Sayar, Yaya Sada

Zuwa ga yayana Sada, manomin Batagarawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, irin ta ƙane ga wan da ya raine shi, ina fata wannan takarda ta same ka cikin yalwar kabari da rahamar Ubangiji. Mutanen gida duk lafiya. Ɗiyarka Hajara ta aurar da autarta bara, jikokinka kuma sun fi ƙarfin yatsun hannu. Ni ma ina nan Ƙofar Guga inda ka bar ni, da sauran shan ruwa, sai dai gwiwa da ta fara yi mini gardama.

Na sani sarai inda kake ba a kai wasiƙa, ko da ana kaiwa ma kai ba ka yi boko ba. Masu karantawa su ne mutanen nan da ke bin shafina a waya saboda tsofaffin waƙoƙinmu. To, su karanta. A gaban jama'a na ci mutuncinka, bai kamata in zo ba ka haƙuri a ɓoye ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, ran Asabar ɗin da ta wuce an yi wa 'Yan Galma biki, wai ƙungiya ta haura shekara hamsin ba ta mutu ba. Cikin mu huɗu da muka kafa ta ni kaɗai na rage, don haka aka aiko mota ta ɗauke ni. Zan gaya maka abin da na yi a can. Amma bari in fara daga inda na ɓata, don masu leƙen nan su san ko wane ne kai.

Ka tuna yadda na shiga kiɗa. Baba ya rasu ina ƙarami, kai ka zama uba. Ka yi iya yinka ka koya mini huɗa, galma ta ƙi ni, kuyyata kullum a karkace take kamar sawun maciji. Da na fara bin Mani mai gangar noma ina yi masa amshi, dangi suka taru a zaure suka ce gidanmu ba a taɓa roƙo ba. Kai ka kashe maganar. Ka ce, "Ku ƙyale shi. In dai manoma zai bi, ai bai bar gona ba."

Mu huɗu ne. Mani da babbar ganga da bakin waƙa, Ɗan'inna da ƙarama, ni da Abdu muna amshi. Duk inda aka kira gayya, daga nan har ƙauyukan da ke bayan dutse, muna can tun hantsi bai ɗaga ba. Ku ku jera da galmuna, mu kuma mu shige gabanku muna tafiya da baya muna fuskantarku. In galma ta tashi sama Mani ya jefa magana, in ta sauka mu amsa. Amshi da faɗuwar galma tare suke dira. Ba mu taɓa koyon ƙirga kiɗa ba, kafaɗunku muke kallo.

Mani yana da doka biyu, kuma a lokacin ko da wuƙa a wuya ba ya karya su. Ta farko, ba ya yi wa mutum take sai ya ga gumin bayansa damina uku. Ta biyu, take na mai shi ne shi kaɗai, in ya mutu tare ake rufe su. A gayyar farko bayan rasuwa, kafin kowa ya sa galma a ƙasa, Mani zai tsaya a bakin gona ya kaɗa taken mamacin ya kira sunansa. Mu 'yan amshi kuwa mu yi shiru. Sau uku zai kira, sau uku ba wanda zai amsa. Daga nan an gama, ba a sake kaɗa shi har abada. Na ga ƙarti masu taurin zuciya suna share ido da bakin riga saboda wannan shirun.

Naka taken a gonar sarkin noma aka haife shi, a daminar da ruwa ya yi yawa har ƙasa ta yi nauyi. Ka kai ƙarshen kuyyarka sauran ba su wuce rabi ba, ka juyo ka kama ta wani dattijo ka ƙarasa masa. Mani ya ɗaga gula ya daki ganga ya ce, "Wa ke gaban Sada?" Ban shirya ba, haka nan ta fito daga bakina, "Sai iyakar gona." Abdu ya kama, mata masu kawo fura suka kama, gona ta ɗauka. Da aka tashi ka ba ni zakaran da aka ba ka tukuici, ka ce in kai wa Inna in ce mata bakina ya fara noma.

Ni na ƙirƙiri amshin nan, Yaya. Ina so masu karatu su riƙe wannan, don kada in an zo gaba su ɗora wa Mani laifin shi kaɗai.

Sai kuɗi ya shigo ƙasa. Kai ka gani da idonka, amma yaran yanzu labari suke ji suna lashe baki, suna cewa an sha daɗi. Daɗin me? Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da na baya, Katsina ta haukace. Masinja ya sayi babur biyu. Mutum ya sayi firij ya kai gidan da babu lantarki, matarsa ta riƙa adana zannuwa a ciki. Shinkafar waje da madarar gwangwani suka cika kasuwa, wanda ya ci tuwon gero ya koma ɓoyewa kamar ya yi abin kunya. Ko'ina tifa, ko'ina siminti, ko'ina ɗan kwangila da tumbi.

Gayya ta fara mutuwa a gaban idonmu. Wa zai wuni a duƙe don tuwo da fura, alhali lebura yana karɓar kuɗinsa a hannu kafin magariba? Aka kira gayyar da a da mutum sittin ke zuwa, muka tarar da tsofaffi tara. Mani ya ce mu koma birni. Muka kama haya a nan Ƙofar Guga, muka fara bin suna da biki, muna yi wa masu manyan riguna waƙar huɗa.

Wani ma'aikacin gidan rediyo ya ji mu ya kai mu Kaduna a ɗauki muryarmu. Ka sha jin wannan labarin, har dariya ka yi a lokacin. Aka sa mu a wani ɗaki mai sanyi wanda ba taga, aka ce mu fara. Sau huɗu muna farawa muna watsewa. Mani ya jefa magana, ni in amsa da wuri, Abdu ya amsa a makare, don babu kafaɗar da za mu kalla. Daga ƙarshe Ɗan'inna ya ajiye gangarsa ya ɗauki tsintsiyar mai shara, ya duƙa yana kwaikwayon huɗa a kan dadduma. Sai waƙa ta zauna. Haka aka ɗauki takenka, da sunanka a ciki, rediyo ya kai shi har inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba.

Mani ya mai da labarin tsintsiyar nan abin ba da dariya, duk inda muka je sai ya faɗa. Da haka ya kai kunnen Alhaji Bature.

Kai ka san shi tun yana ɗan kamasho a tasha yana cin kwalar direbobi. Cikin shekara uku ya zama mai kwangilar hanya, da tifofi da ba a ƙirga su da hannu ɗaya. Shi ne ya sayi gonar gadonmu ta bakin titi, ba don ya noma ba, don ya haƙe ƙasarta ya cike hanya. Kai ka ce a'a. Ni na zuga 'yan'uwa, na yi ta zarya gidan kawu har aka rinjaye ka. Abin da ka faɗa mini ranar bai wuce wannan ba: "Iro, kuɗi suna ƙarewa, ƙasa ba ta ƙarewa." Na ɗauki rabona na sayi babur ja. Bai shekara biyu ba ya zama na kaji. Gonar kuwa ta koma kududdufi, har yau tana nan kwaɗi suna kuka a ciki.

Daga nan ka koma aron gona, da rani kuma ka shigo birni leburanci. Wani lokaci ina kan babur ɗin nan nawa sai in gan ka kana ɗauke da kwanon kankare a ka, sai in kau da kai in ƙara wuta. Ban taɓa gaya maka ba, amma na san ka sani.

Da Alhaji Bature ya gama ƙaton gidansa a sabuwar unguwa, ya aiko a kira mu. Waƙa yake so ranar buɗe gida. Mani ya ce za a yi masa sabuwa fil. Alhaji ya ce shi ba ya son sabuwa, waccan ta rediyo yake so, a cire sunan da ke ciki a sa nasa. Ya ce zai ba mu ƙaramar bas ta yawon wasa, da kujerar Makka huɗu.

Zan faɗi gaskiya don Mani ba ya nan ya kare kansa. Bai amsa nan take ba. Da muka fito, a gindin wata darbejiya, ya dube ni ya ce take na yayana ne, in na ce a'a an bar maganar. Abdu da Ɗan'inna suka zuba mini ido, kowa da Makka a fuskarsa. Kalma ɗaya ce ta rage tsakaninka da wulaƙanci, kuma a bakina take. Na buɗe baki na ce, "Ai Yaya ya bar noma."

Tir da wannan baki. Ni da na sayar da gonar, ni ne kuma na kafa hujja da cewa ba ka da gona. Mani ya yi ajiyar zuciya ya ce in kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Tun daga ranar na tsani karin maganar nan, duk wanda zai yi abin da ko kare ba zai ci ba da ita yake fara wanke baki.

Ranar ta zo a tsakiyar bazara, ana zafin da ko kaza ba ta fita. Bayan la'asar muka isa. Tsakar gidan duk an malale ta da siminti, an kafa rumfuna, manyan mutane sun cika kujeru, ƙamshin turare har waje. A tsakiya kuwa sai muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. An sa tifa ta juye jar ƙasa a kan simintin, an baje ta, tankar ruwa ta jiƙa ta. Wai Alhaji ya ji ba mu iya waƙa sai muna kallon masu huɗa, to ga gona ya yi mana. Ban sani ba ko daga ramin gonarmu aka ɗebo ƙasar. Ban tambaya ba, tsoron amsar nake.

Aka shigo da leburori goma sha biyu daga wurin aikinsa, an ce duk wanda ya iya noma ya zo za a ninka masa kuɗin wuni. An saya musu sababbin galmuna daga kasuwa, ƙotocin ko gogewa ba su yi ba. Mutum ɗaya ne ya zo da tasa. Na gane galmar kafin in gane mai ita, saboda ɗaurin fatar da ke wuyanta ni na riƙe maka ranar da ka yi shi. Kai ne na huɗu daga hagu.

Wallahi ban san za ka zo ba. Kai ma ba ka san abin da za a kaɗa ba, an ce maka dai makaɗan noma za su yi wasa. Da ka hango mu har murmushi ka yi, ka ɗaga mini hannu. Wannan murmushin ya fi komai ci mini rai.

Muka shige gabanku da baya kamar yadda muka saba. Mani ya daki ganga. Tun bugun farko na ga kafaɗarka ta motsa, don jikin mutum yana sanin takensa kafin kunnensa. Galmuna suka tashi. Mani ya ce, "Wa ke gaban Bature?" Na ga ka tsaya da galma a sama. Galmuna goma sha ɗaya suka dira, Abdu ya amsa shi kaɗai, sannan muryata ta biyo baya tana jan ƙafa. Amma ta biyo, Yaya. Ina kallon cikin idonka na ce, "Sai iyakar gona."

Na zaci za ka jefar da galma ka fita. Da ka yi haka da na sami sauƙi. Sai ka sunkuyar da kai ka sa ta a ƙasa. Da farko ka yi ta riƙe kanka kana tafiya daidai da sauran, kamar mai cewa wannan kiɗan ba nawa ba ne. Amma ganga ba ta san an canja suna ba. Kafin a zagayo na uku ta ɗauke ka. Ka bar su a baya kamar yadda ka saba barin kowa, har sai da muka ƙara sauri don kada ka taka mu.

Ƙasar nan kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Su sauran sun gane, suna shafa ta sama-sama. Kai kuwa ba ka iya huɗar ƙarya ba. Ka kai sara irin na gonar gaske, galma ta ratsa ƙasa ta daki siminti. Ƙarar har yau tana kunnena. Bakin galmar ya lanƙwashe, ƙotar ta girgiza ka har kafaɗa, ka durƙusa a kan gwiwa ɗaya.

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani mai hular sanyi a cikin wannan zafi ya ce leburan nan ya ɗauki abin da gaske. Alhaji Bature ya taso da farin takalmi, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kashin shanu, ya zo ya yi wa Mani liƙi, ya manna mini sababbin takardu a goshi. Gumi ya riƙe su. Aka miƙa masa galma ɗaya don a ɗauki hoto, ya rungume ta kamar mai riƙe da laima. Hoton nan ne aka buga a bayan faifanmu, daga baya kuma a jikin kaset. Duk cikinku masu karatu da ya taɓa ganinsa, ya duba gefen dama daga ƙasa, akwai wata ƙafa da taɓo. Ta yayana ce.

Da aka tashi na same ka a bakin famfo bayan gida kana wanke ƙafa. Aljihuna cike, bakina babu komai. Na tsaya ina jiran zagi, ko mari, ko Allah ya isa. Ka gama wanke ƙafarka a natse, ka saɓa lanƙwasasshiyar galmarka, ka dube ni ka ce, "Iro, amshinka ya makara." Shi ke nan. Ka gyara mini aikina ka wuce.

Waƙar ta karɓu fiye da yadda muka zata. Da ita aka san 'Yan Galma daga nan har Kano da Zariya da ƙetaren iyaka. Kuma da yake an riga an buɗe ƙofa, sai kowa ya shigo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau mai gidan mai, gobe dillalin siminti, jibi ɗan takara, gata abokin hamayyarsa. Gurbin sunanka ya zama kamar kujerar mai aski, wannan ya tashi wancan ya zauna. Mun tambayi wa ke gaban mutanen da ko akuya ba za su iya tserewa ba. Kuma kowane lokaci ni nake amsawa, a kan lokaci, ban sake makara ba.

Mun je Makka a shekarar. Da na dawo ka zo yi mini barka, ka zauna a bakin tabarma, na ba ka tasbaha da hula da ruwan zamzam. Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya. Ka ce, "Allah ya sa karɓaɓɓe ne, Alhaji." Daga ranar ba ka sake kirana Iro ba. Shekara goma sha ɗaya ka ƙara a duniya, ko a cikin gida, ko mu biyu kaɗai, Alhaji. Mutane suna cewa dubi yadda wa ke girmama ƙanensa. Ni kaɗai na san abin da ka karɓe.

Ba ka taɓa yanke ni ba, shi ne abin. Da matata ta haihu kai ka yanka ragon. Da na kwanta ciwon shawara kai ka yi ta kawo saiwa daga ƙauye a kan keke. In waƙar ta fito a rediyon mai shayi kana zaune, ba ka tashi, sai dai ka juya kofi a hannu har ta ƙare. Sau nawa na shirya magana na taho Batagarawa, in na ga fuskarka sai in ɓuge da tambayar ya ruwa ya gero.

Ka rasu da damina, ana tsakiyar huɗa. Mani ya zo gaisuwa ya zauna kwana uku cur. Na san abin da ke ransa, shi ma ya san abin da ke raina, ba wanda ya furta. Doka ta ce a je bakin gona a kira ka sau uku a yi shiru. Amma in an rufe takenka me za mu ci? Kwana tara da binne ka muka hau bas muka tafi bikin wani mai kamfanin bulo, muka kaɗa shi har sau biyu don an ce a maimaita. Allah wadai da mu.

Mani bai manta ba. A ciwonsa na ajali na je duba shi, ya kama hannuna ya ce, "Akwai gawar da ba mu rufe ba." Na ce masa ya huta. Ɗan'inna ya bi shi, Abdu ya bi su. Ɗan Mani ya karɓi ƙungiya, ni kuma na ajiye da murya ta fara rawa. Yanzu jikansa Nura ne ke jan ta.

Da za ka ga 'Yan Galman yau da ka tofar da yawu. Babu ganga, fiyano ne ke yin kukanta. Suna hawa dandamali da malafa sabuwa da galmar katako da aka shafa wa fenti, suna karkaɗa ta sama kamar masu korar tsuntsu. Cikinsu babu wanda ya taɓa kwana da ciwon baya. Ba na zaginsu da yawa, don ba su suka fara ba. Gonar siminti muka bar musu gado, ita suke nomawa.

To, ran Asabar aka kai ni babban ɗakin taro. Nura yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sun shirya mini karramawa: in an zo babbar waƙa, 'yan amshinsa za su yi shiru a zagayen farko, ni kaɗai zan amsa, don jama'a su ji muryar asali. Da na ji haka na san Allah ne ya kawo ni. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya, ya kira sunan da aka fara yin waƙar da shi, kuma ya kira sau uku. Ya tambaye ni wane suna. Na ce Sada. Ya ce wane Alhaji ne Sada, yana cikin manyan baƙi? Na ce a'a, manomi ne.

Aka ba ni allon yabo mai walƙiya, aka tsayar da ni a tsakiya, aka sa mini abin magana a hannu. Fiyano ya ɗauki takenka. Duk da ba ganga ba ce, sai da tsigar jikina ta tashi. Nura ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ke gaban Sada?"

Na yi shiru.

Ya dube ni ya yi murmushi, ya sake kira. Na yi shiru. Wani ya hau da gudu ya ƙwanƙwasa abin maganar ya ga ko ya mutu. Na ji ana cewa tsufa ne, Baba ya manta. Wasu suka fara dariya, irin dariyar rumfar nan. Nura ya kira na uku, muryarsa da ɗan roƙo a ciki. Amshin yana nan a kan harshena, Yaya, shekara hamsin yana zaune a wurin. Na danne shi da haƙori har ya wuce.

Can baya kusa da ƙofa wani tsoho ya miƙe da sanda. Ban san shi ba, daga ganin rigarsa mutumin ƙauye ne da ya biyo wani. Ya cire hularsa, ya ɗaga murya yadda ya iya ya ce, "Allah ya jiƙan Sada." Mutum ɗaya cikin ɗaki guda ya san abin da aka yi. Ya ishe ni.

Kada in yi maka ƙarya, abin bai tsaya nan ba. Nura ya yi maza ya sa sunan shugaban taro, 'yan amshinsa suka amsa, ɗaki ya ɗauki tafi, aka taso liƙi. Gobe ma za su kaɗa shi, jibi ma haka. Ba ni da ikon rufe bakin kowa. Nawa dai na rufe, kuma ba zai sake buɗewa da wannan amshi ba har a sa ni a rami. Na bar musu allon a kan kujera na fito na hau a-daidaita.

Washegari na tafi Batagarawa wurin Hajara. Galmar nan tana nan, ashe. Ƙotar ta daɗe da ruɓewa, da bakin take kwashe toka a murhu, ta ce tun tana yarinya ta gan shi a lanƙwashe, ba ta san dalili ba. Na zaunar da ita na gaya mata komai, har maganar gindin darbejiya. Ta tashi ta wanke bakin galmar ta kai ɗaki, ta dawo ta zuba mini fura. Halinka ta ɗauko, ba ta zage ni ba.

Yayana, ka ce amshina ya makara, kuma gaskiya ka faɗa. Shirun ma ya makara, ya fi amshin makara nesa ba kusa ba. Amma na kawo shi, ga shi nan, shi kaɗai ya rage mini da zan iya ba ka. Ka yi mini uba ban yi maka ɗa ba. Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka, ban san wanda ya fi nauyi ba. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya sa gumin da ka zubar a gonakin mutane ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa. Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Baba da Inna. Allah ya gafarta wa Mani da Abdu da Ɗan'inna, ya gafarta mini ni da na fi su laifi. In kuma Ya ƙaddara mu haɗu, ba na roƙon ka yi mini doguwar magana, na san ba halinka ba ne. Ka kira ni da sunana kawai.

Wassalam.

Ƙanenka,
Iro.